Kogin Yashi Na Bakin Teku: Wa Ke Tarewa, Wa Ke Biya?

Gabatarwa

Duk ɗan Arewa da ya je Legas a shekarun baya, ko fatauci ya kai shi ko aikin gwamnati, da wuya ya koma gida bai je ya ga teku a Bar Beach ba. Wuri ne mai faɗin rairayi a Tsibirin Biktoriya, inda jama'a kan taru ranar hutu, yara na hawan dawaki, masu hoto na neman ciniki. Wanda ya koma yau da niyyar nuna wa 'ya'yansa wurin ba zai same shi ba. Teku ya daɗe yana cin rairayin, har ya riƙa tsallakowa bisa titin Ahmadu Bello yana shiga gine-gine. Daga baya, tun wajen shekarar 2008, sai aka soma cike wurin da yashin da aka yaso daga ƙarƙashin teku, aka kewaye shi da ganuwar duwatsu, ana gina sabon birnin da ake kira Eko Atlantic.

In aka tambayi jama'a abin da ya cinye Bar Beach, wasu za su ce ikon Allah ne, wasu kuma su ce sauyin yanayi. Babu mai musun ikon Allah, amma shi ne ya sanya wa kowane abu sababi, kuma Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, gaɓar teku ba tsayayyen layi ba ce irin wanda ake ja da fensir a taswira. Yashi ne mai tafiya dare da rana, kamar kogi. Duk wanda ya tare shi a wuri guda, to maƙwabcin da ke gaba ne zai biya. Muddin hukumomi suka ci gaba da gina ganuwa ba tare da lissafin wannan yashi ba, asarar ba ƙarewa za ta yi ba, gida kawai za ta riƙa sauyawa.

Inda Ƙarfin Ke Fitowa

Babu abin da ke motsi sai da ƙarfin da ke motsa shi. Asalin ƙarfin da ke aiki a bakin teku daga rana yake. Rana na zafafa sassan duniya ba daidai ba, wannan bambanci ya haifar da iska, iska kuma ta shafi fuskar teku ta tayar da igiyoyin ruwa. Gwargwadon ƙarfin iskar, da daɗewarta tana bugawa, da faɗin ruwan da ta ratsa, gwargwadon girman igiyoyin.

Ba banza Bahaushe ya kira abin igiyar ruwa ba. In aka ɗaure igiya a turke, aka kama ɗaya bakin aka kaɗa, za a ga tozo ya tashi yana gudu har ya isa turken, alhali igiyar kanta tana nan a hannu ba ta je ko'ina ba. Haka lamarin yake a tsakiyar teku: ruwan yana ɗan juyawa ne a inda yake, ƙarfin ne ke wucewa. Saboda haka ne ƙarfin guguwar da ta tashi can kudancin Tekun Atlantika, dubban kilomitoci daga Afirka ta Yamma, kan yi tafiyar kwanaki ya zo ya sauke kayansa a gaɓar Gana da Togo da Jamhuriyar Benin da Nijeriya, ko da ranar babu iska ko kaɗan a wurin. Igiyoyin sun fi girma daga wajen watan Mayu zuwa Satumba, watau lokacin da ake hunturu a kudancin duniya, ake kuma damina a wannan yanki.

Wani abin lura shi ne, idan tsayin igiyar ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfinta ninkawa yake yi sau huɗu. Idan ya ninka sau uku, ƙarfin ya zama sau tara. Wannan shi ya sa ɓarnar dare ɗaya na hauka kan fi ta watanni na kwanciyar ruwa. Da igiyar ta iso inda ruwa ba zurfi, sai ƙasa ta riƙa jan ƙafarta, gudunta ya ragu, ta ƙara tsayi, har kanta ya rinjayi gindinta ta kife. Mita kubik 1 na ruwan teku ya ɗara tan 1 nauyi. In kuwa igiya ɗaya na isowa kowace daƙiƙa 12, to a yini da kwana gaɓar ta sha bugu sau 7,200 ke nan. Akwai kuma cika da janyewar teku da jan wata da na rana ke haddasawa, amma a gaɓar Legas bambancin bai wuce kimanin mita 1 ba, don haka igiyoyin ne ke da babban aiki.

Yadda Yashi Ke Tafiya

Wannan ƙarfi duka dole ya ƙare a wani wuri. Gaɓa mai faɗin rairayi tana shanye shi, domin ruwan na ɓata ƙarfinsa wajen hawan gangaren da mirgina ƙwayoyin yashi da nutsewa a tsakaninsu. Ashe ke nan rairayin da ake ɗauka wurin shan iska ne kawai, shi ne garkuwar garin da ke bayansa.

To, amma yashin ba ya komawa daidai inda aka ɗauke shi. Gaɓar wannan yanki ta miƙe ne daga yamma zuwa gabas, igiyoyin kuwa daga kudu maso yamma suke fitowa, don haka a karkace suke bugunta. Ruwan ya tura ƙwayar yashi sama a karkace, ya ɗan gusa da ita gabas. Da zai koma, sai nauyinsa ya gangaro da ita kai tsaye ƙasa. Igiya ta gaba ta sake yin haka. Wanda ya bi sawun ƙwayar zai ga ta zana abu kamar haƙoran zarto, kullum tana matsawa gabas. Daɗin daɗawa, a inda igiyoyin ke kifewa akwai gudun ruwa da ke bin tsawon gaɓar, yana ɗauke da yashin da bugun ya tayar.

Da yayyafi kogi kan cika. A wasu sassan wannan gaɓa, yashin da ke wucewa ta gaban wuri guda ya kai kimanin mita kubik miliyan 1 a shekara. In tifa ɗaya na ɗaukar mita kubik 10, lodi 100,000 ke nan a shekara, watau sama da tifa 270 kowace rana, ba direba ba man fetur. Wannan kogin yashi ya taso ne daga wajen mafitar Kogin Bolta a Gana, ya ratsa Togo da Jamhuriyar Benin, ya wuce Legas, tafiyar fiye da kilomita 300. Bai san iyakar ƙasa ba, ba ya kuma tsayawa a shingen kwastan.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar makomar kowace gaɓa ita ce a ɗauke ta kamar rumbun hatsi. Akwai abin da ke shiga: yashin da koguna ke kawowa, da wanda ya taso daga gaɓar da ke yamma, da wanda igiyoyi ke turowa daga ƙarƙashin ruwa. Akwai kuma abin da ke fita: wanda ya wuce gabas, da wanda guguwa ta ja cikin zurfi, da wanda ya faɗa manyan kwazazzaban da ke ƙarƙashin teku, irin na Abon da ke gabas da Legas, da wanda mutane suka ɗiba. In shiga ya yi daidai da fita, gaɓar za ta zauna wuri guda ko da kowace ƙwaya a cikinta baƙuwa ce. In fita ya rinjaya, teku zai cike giɓin daga abin da ya tarar, ko gonar kwakwa ce, ko makaranta, ko maƙabarta.

Daga Bolta Zuwa Legas

Tarihin wannan gaɓa cikin shekaru ɗari da suka wuce tarihi ne na toshe ƙofofin rumbun ɗaya bayan ɗaya.

A da, bakin mashigar Legas na da tudun yashi mai yawo a ƙarƙashin ruwa, wanda ya hana manyan jirage shiga; sai su tsaya waje, ƙananan jirage su yi jigilar kaya. Daga sunan wannan tudu a Turance ma Bar Beach ya samo nasa. Tsakanin shekarar 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangun duwatsu da suka miƙe cikin teku a gefen mashigar, don kare ta daga yashi. Aikin ya biya bukata, jirage suka samu hanya. Sai dai katangar yamma ta tare kogin yashin, ya taru a bayanta, gaɓar wajen ta yi ta faɗaɗa. Bar Beach da ke gabas kuwa ya rasa mai kawo masa, alhali igiyoyin ba su fasa ɗiba ba. Masana sun auna cewa a wasu lokuta teku kan ci mita 25 zuwa 30 a shekara a kusa da katangar gabas. Tun daga 1958 gwamnatoci suka riƙa zuba yashi jefi-jefi, teku na kwashewa.

A Gana, an kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, wadda ta haifar da Tafkin Bolta mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,500. Da zarar kogi ya shiga tafki gudunsa ya mutu, sai ya sauke yashi da lakar da yake ɗauke da su. Ruwan da ke fita ta ƙasan madatsar tatacce ne. Gaskiya ne garin Keta, da ke gabas da mafitar kogin, ya soma fama da teku tun kafin madatsar, amma yanke masa yashin kogi ya ƙara tsananta lamarin. Tsohuwar ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmak suka gina a Keta a 1784, teku ya rushe babban sashenta a 1980. An kammala babban aikin kare Keta a 2004, da ganuwa da shingayen duwatsu masu kama yashi. Garin ya samu sauƙi, amma ƙauyukan da ke gabas da shi suka shiga uku. A watan Nuwamba na 2021 ambaliyar teku ta raba dubban mutane da gidajensu a wannan yanki.

Haka labarin yake a Kwatano, inda aka kammala tashar jiragen ruwa a 1965, da Lome, inda aka buɗe tata a 1968. A duka biyun yashi ya taru a yamma da tashar, teku ya afka wa gabas. Babbar hanyar da ta tashi daga Lome zuwa Aneho sau biyu ana matsar da ita cikin tudu, domin teku ya cinye ta farko ya kuma cinye ta biyu. A 1987 kuma aka datse Kogin Mono a Nangbeto, aka sake rage wata ƙofar.

Duk inda aka duba, zanen iri ɗaya ne: riba a yamma, asara a gabas. Wanda ya yi ginin ya amfana, masuncin da ba a shawarta ba ya kwashe iyalinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Laka, Itatuwa Da Rabon Arewa

Gabas da Legas yanayin gaɓar ya sauya. A yankin Ilaje na Jihar Ondo akwai gaɓar da laka ce zalla, ba rairayin da zai sha bugu, kuma a nan ne garin Ayetoro, wanda aka kafa a 1947, ya rasa babban sashensa ga teku. Gaba kaɗan sai Neja Dalta, wadda Kogin Kwara ya gina da kansa cikin miliyoyin shekaru.

A nan ne ɗalibin Arewa zai ga inda zancen ya shafe shi. Jan ruwan da ke gudu a kwalbatin Samaru bayan an ɗauke ruwan sama, ƙasar gonaki ce yake ɗauke da ita. Daga Kubanni ya faɗa Galma, daga Galma ya shiga Kogin Kaduna, sa'an nan Kwara. Na Sakkwato da Rima ma Kwara suke nufa, Gongola kuma ya haɗu da Binuwai a Numan, su tarar da Kwara a Lakwaja. Kogunan Kano da Haɗeja ne suka bambanta, domin su Tafkin Chadi suke fuskanta. Tsakuwa takan kwanta da wuri, yashi ya bi ƙasan kogi sannu a hankali, laka kuwa ta yi nisa. Saboda haka wani kaso na ƙasar da mutanen Neja Dalta ke takawa daga Arewa ya taso.

Yanzu kuwa akwai madatsun Kainji, wadda aka kammala a 1968, da Jebba, da Shiroro a kan Kogin Kaduna, da Bakolori da Goronyo, har da Lagdo a kan Binuwai cikin Kamaru. Kowace na riƙe nata kason. Asarar kuma biyu ce, domin lakar da aka hana gaɓa ita ce ke cike cikin madatsar tana rage ruwan noman rani da na lantarki. Masar ta riga ta ɗanɗana wannan. Bayan da aka datse Kogin Nilu a Aswan, aikin da aka kammala a 1970, bakin daltar ya soma zaizayewa, kamun kifin sadin a wajen kuma ya faɗi daga kimanin tan 18,000 a farkon shekarun 1960 zuwa ƙasa da tan 1,000 a ƙarshensu, domin lakar ce ke kawo abincin ƙananan halittun da kifin ke ci.

Dalta kullum lotsawa take yi a hankali saboda nauyin lakarta, sabuwar laka ce ke cike abin da ya lotsa. Masu riƙe wannan laka su ne itatuwan mangurof, waɗanda ke iya rayuwa a ruwan gishiri, masu saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan dajinsu. Saiwoyin na karya gudun ruwa, laka ta kwanta, ƙasa ta ƙaru. A cikinsu ne kuma 'ya'yan kifi da jatan lande da kaguwa ke girma kafin su fita teku. In aka sare su don itacen ƙyafe kifi, ko malalar ɗanyen mai ta kashe su, lakar sai ta saki. A 1906 an kawo wani nau'in kwakwa maras gangar jiki da ake kira nipa daga Singafo zuwa Kalaba. 'Ya'yansa na yawo bisa ruwa, ya kuwa mamaye wurare da dama da aka sare mangurof, ya hana shi sake tsirowa.

Hujjojin Ɗaya Ɓangaren

Mai adalci ba zai ƙi sauraron masu wani ra'ayi ba. Hujja ta farko ita ce, ƙasa ba ta ci gaba sai da tashoshin jiragen ruwa da madatsu. Wannan gaskiya ce, kuma Arewa na cikin waɗanda suka ci moriyarsu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daidai lokacin da ake gina katangun Legas, kuma ta wannan mashiga ce gyaɗar dalar Kano ta riƙa fita zuwa Turai. 'Yan kasuwar Maraɗi da Yamai sun shafe shekaru suna sauke kaya ta Kwatano da Lome. Babu mai hankalin da zai ce a rushe Kainji ko a rufe Apapa. Abin da ake cewa shi ne, yashin da aka tare bashi ne, ya kamata a sa shi cikin kuɗin aikin tun ran gini, kada a bar wa masunta su biya da gidajensu.

Hujja ta biyu ita ce sauyin yanayi. Shi ma babu shakka a kansa: tsakanin 1901 da 2018 ruwan tekun duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20, kuma tsakanin 2006 da 2018 yana ƙaruwa da kimanin milimita 3.7 a shekara, saurin kuma daɗuwa yake yi. A gaɓa mai kwance, ɗan ƙarin nan na nufin ja da baya mai yawa. Amma shi kaɗai ba zai bayyana yadda gaɓa ɗaya ke faɗaɗa a yamma da katanga tana zaizayewa a gabas da ita ba, alhali tekun ɗaya ne. Haɗarin shi ne sauyin yanayi ya zama mafakar masu laifi na gida. Hasali ma, tashin teku dalili ne na ƙara tattalin yashi, domin gaɓar da rumbunta ke cike ita ce za ta iya jurewa.

Hujja ta uku ita ce, ganuwa tana aiki. Lalle tana kare abin da ke bayanta, kuma Tsibirin Biktoriya ya samu sauƙin ambaliya tun da aka gina tasa. Wurin da dukiya da jama'a suka taru haka, wani lokaci ba makawa sai ganuwa. Sai dai ganuwa ba ta haifar da ƙwayar yashi ko ɗaya. Rairayi na shanye ƙarfin igiya, ganuwa kuwa mayar da shi take yi, ya dawo ya ƙwaƙule gindinta, rairayin gabanta ya ɓace, kunkurun tekun da ke haƙa rami a busasshen yashi don yin ƙwai ya rasa wurin zuwa. A inda ganuwar ta ƙare kuma, nan cin ya fi tsanani. Mazauna ƙauyukan gaɓar Lekki, irin su Okun Alfa, sun daɗe suna kokawa, har gwamnatin jihar ta jera musu shingayen duwatsu, waɗanda su ma sai sun tare yashin na gaba kafin su cika. Ana maganin ƙaba, kai na kumbura.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Na farko, kada a ba da iznin gina tasha ko ganuwa ko madatsa sai an gabatar da lissafin yashi: nawa za a tare, wa zai rasa, yaya za a mayar masa. Nijeriya na da dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli tun 1992. Abin da ya rage shi ne a sa wannan lissafi a zuciyarta, a kuma bayyana shi ga jama'ar da abin ya shafa.

Na biyu, a tsallakar da yashin da ya taru. A birnin Durban na Afirka ta Kudu an daɗe ana yashe abin da ya taru a gefe guda na mashigar tashar, ana tura shi ta bututu zuwa gaɓar ɗaya gefen. Aiki ne mai cin kuɗi kowace shekara, amma mayar da hakki ne ga mai shi.

Na uku, a sa igiyoyin su yi wa mutane aiki. A 2011 ƙasar Holan ta zuba yashi mita kubik miliyan 21.5 a wuri guda kusa da birnin Heg, ta bar igiyoyi da iska su raba shi a tsawon gaɓar cikin shekaru. Togo da Jamhuriyar Benin sun yi aikin haɗin gwiwa mai kama da haka a kan iyakarsu tsakanin 2022 da 2023, inda suka haɗa shingayen duwatsu da zuba miliyoyin mita kubik na yashi.

Na huɗu, a hana ɗibar yashi daga bakin teku. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa duniya na amfani da tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa a shekara. Yashin hamada bai cika dacewa da kankare ba saboda iska ta goge shi ya yi sulɓi, shi ya sa ido ya koma kan koguna da gaɓa. Togo da Jamhuriyar Benin sun kafa dokar hani. Amma doka ba za ta yi tasiri ba sai an nuna wa lebura da mai tifa da mai buga bulo wani wurin ɗiba da masana suka amince da shi, domin su ma abinci suke nema.

Na biyar, a bar wa teku filinsa. A ƙayyade tazarar da ba a gini a cikinta, a kare mangurof a kuma sake dasa shi, inda kuma tashi ya zama dole, a tashi mutane cikin mutunci da diyya tun kafin ruwa ya tashe su da tsakar dare.

Na shida, tun da yashin ƙasashe huɗu yake ratsawa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai Yarjejeniyar Abijan ta 1981 kan kare teku da gaɓar wannan yanki. Wani binciken Bankin Duniya ya nuna cewa lalacewar gaɓa, ta hanyar zaizaya da ambaliya da gurɓata, ta jawo wa Benin da Kodebuwa da Senegal da Togo asarar dala biliyan 3.8 a shekarar 2017 kaɗai, watau kashi 5.3 cikin ɗari na abin da suka samar. Wanda ke ganin rigakafi ya yi tsada, sai ya dubi kuɗin magani.

Kammalawa

Ba sai ɗalibi ya je Legas zai ga wannan da idonsa ba. Malamin kimiyya zai iya samun dogon faranti mai ɗan zurfi, ya jera yashi a gefe guda a gangare, ya zuba ruwa, ya sa ɗalibi ya riƙa tura ruwan da ɗan katako a karkace. In aka barbaɗa garin jan bulo a wuri guda, za a ga yana gusawa. Sa'an nan a kafa rula a tsaye cikin yashin ta miƙe zuwa ruwa, a ci gaba da turawa. Ba da jimawa ba yashi zai taru a gefe guda, ɗaya gefen ya rame. Tarihin Bar Beach ke nan a cikin faranti.

Nijeriya na da gaɓa mai tsawon kimanin kilomita 853, tana kuma da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, amma aikin auna yashi da lakar da ke bin koguna daga tushe har mafita na bukatar ƙarin hannuwa, kuma rabin aikin a Arewa yake. Ɗalibin da ke zaune a aji yau a Zariya ko Yawuri ko Yola, wata rana shi ne injiniyan da zai zana madatsa, ko jami'in da zai sa hannu a takardar izni. In ranar ta zo, kafin ya ɗora alƙalami, ya tambayi inda yashin zai tsaya, da kuma sunan garin da ke gabas.